Na'urar da Aka Dawo da Ita Daga Jado

Ƙanena bai dawo daga Jado ba, kayansa ne suka dawo.

Jado wani wuri ne can cikin hamadar Nijar, gaba da Agadas, inda samarin yankinmu suka yi ta kwarara neman zinare a shekarun nan. Shi da acaɓa yake yi a nan Kazaure. Da ya ga wasu sa'anninsa sun je sun dawo sun kafa gini, sai ya sayar da babur ɗinsa, ya bar matarsa da 'ya'ya ƙanana a gidan Inna, mahaifiyarmu, ya kama hanya. Ya biyo ta sakatariyar ƙaramar hukuma, inda nake aiki, ya yi mini sallama a tsaye a bakin ƙofar ofis. Na ce Allah ya tsare, ya ce amin, Yaya. Iyakar abin da muka faɗa wa juna ke nan.

Labarin rasuwarsa ta waya ya zo mini. Wata murya ce da ban sani ba, tana yankewa tana dawowa. Ta ce rami ya rufta da mutane, har da shi, an tono su an yi musu sutura a can. Na yi salati, na ce na gode, na ajiye wayar. Akwai waina a gabana, na ƙarasa cinye ta. Sai da na wanke hannu sannan na tashi na tafi gidan Inna.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida aka yi zaman makoki, ba gawa ba makara. Jama'a suna zuwa suna cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya. Kukan mata yana fitowa daga cikin gida, ina jinsa kamar daga wata unguwa yake tasowa. Na yi ta jiran abin ya zo mini, kamar yadda mutum yake jiran zazzaɓi in ya ji jikinsa ya soma nauyi, amma bai zo ba. Abin da na fi tunawa a kwanakin nan shi ne wata tabarmar roba da bakinta ya zare. Na wuni ina jan zaren da yatsa har mai ita ya zo ya naɗe abarsa.

Bayan an watse da 'yan makonni, wani mutum ya yi mini sallama bayan la'asar. Dogo ne siriri, rana ta ƙona shi, leɓɓansa duk a fashe. Ya ce shi mutumin Babura ne, shi ne ya kira ni a waya, kuma rami ɗaya suka yi aiki da ƙanena. Ya ajiye wani buhu a gabana ya kwance bakinsa. Rigar sanyi ce a ciki, da rawani, da takalmi, da waya mai fasasshiyar fuska. A ƙarƙashinsu akwai wani abu naɗe cikin bargo. Sanda ce ta ƙarfe, a ƙarshenta wani baƙin faifai kamar murfin tukunya, a samanta ɗan akwati mai madannai, ga kuma abin sawa a kunne.

"Na'urar neman zinaren ke nan," in ji shi. "Kuɗin babur ɗin nan suka shige. A can an so a saye ta, na ce a'a, hakkin marayu ne, sai na kai ta hannun danginsa."

Kawunmu ya ce a sayar a raba gado. Sai dai a Kazaure ba wanda yake neman irinta a lokacin. Wasu suka zo suka jujjuya ta suka ajiye. Aka ce ta zauna a wurina har Allah ya kawo mai saye. Na jingine ta a bayan ƙofar ɗakina, na manta da ita.

Mutumin Babura ne ya sake biyowa wata rana, ya tambaye ni ko ina kunna ta. Na ce ban ma san ta inda ake kunnawa ba.

"Kada a bar ta a ajiye, Yaya. In ta daɗe ba a kunna ba lalacewa take yi, ranar da mai saye zai zo a ji kunya."

Ya sa na aika aka sayo batir. A tsakar gidana ya koya mini. Ya ce kada in ɗaga faifan sama, in riƙa kai shi dama da hagu dab da ƙasa kamar mai shara, amma a hankali. In ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, baƙin ƙarfe ne, kada in wahalar da kaina. In ta yi siririn kuka, to tagulla ce ko azurfa ko abin da ya fi su. Ya sa mini abin kunnen. Nan take muryar matata da ke magana a madafa ta ɓace, kukan awakin maƙwabta ya ɓace, sai wani ɗan zuuu da ba ya hawa ba ya sauka. Na daɗe a tsaye ban motsa ba, har sai da ya taɓa kafaɗata.

A ranar mun tono ƙusoshi, da murafen kwalbar lemo, da wani cokalin shayi da matata ta daɗe tana cewa yara ne suka kai waje suka yar.

Asabar ɗin da ta biyo baya na ɗauki na'urar bayan sallar asuba na tafi filin makarantar firamaren unguwarmu. Na gaya wa kaina kunna ta kawai zan yi don kada ta lalace. A gindin wata tsohuwar bishiyar maina, inda masu tallar abinci suke zama tun muna yara, ta yi siririn kukan nan. Na durƙusa na tona da wata 'yar wuƙa. Anini ne, ɗan mitsitsi mai huda a tsakiya, ya yi baƙi ƙirin. Na san shi, don kakarmu tana da irinsa a adudunta. Na goge shi da yawu a jikin wandona har tauraron da ke jikinsa ya fito. Ban ji murna ba. Na dai sa shi a aljihu na ci gaba da shara, sai da rana ta soma zafi na lura ban karya ba.

Daga nan abin ya zama mini sabo. Duk ranar da ba aiki sai in fita. Na bi filin ƙwallo, na bi gefen filin idi, na bi bakin dam inda ruwa ya ja baya. Yawanci ba abin da nake samu sai shara: gwangwani, tsinken lema, karyayyen makulli, ledar magani mai ƙyalli. Jefi-jefi kuma sai kuɗin da. Kwabo mai huda, sisi, taro, wani lokaci sule mai kan sarauniyar Ingila. Ina zuba su a wani gwangwanin madara, ban taɓa zama na jera su ba.

Magana ta soma yawo a unguwa. Wasu suka ce tukunyar dukiyar aljanu nake nema. Wasu suka ce gwamnati ce ta sa ni binciken mai a ɓoye. Waɗanda suka fi kusa da ni kuwa cewa suka yi mutuwar ƙanena ta taɓa mini kai. Mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tafi da gwangwanin, na juye shi a kan tabarmarsa.

"Abin da nake tonowa ke nan, ranka ya daɗe."

Ya sa yatsa yana tona su. Ya ɗauki sule ɗaya ya kai shi kusa da ido, ya yi 'yar dariya.

"Da wannan a da sai a yi cefanen gida har a dawo da canji. To me za ka yi da su?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce duk ramin da na tona in mayar da ƙasarsa, kada in shiga gonar kowa sai da izininsa, kuma kada in kusanci maƙabarta. Na ce to. Da na miƙe zan tafi ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Na ce da godiya.

Matata ba ta ce komai ba sai da aka daɗe. Wata safiya ina ɗaure takalmi ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu.

"Malam, wai me kake nema ne?"

"Ba komai."

"Mutum ba ya fita da duku-duku neman ba komai. Tunda aka yi rasuwar nan ban ga hawayenka ba. Ko kukan ne ka yi mana, ka huta."

"Ba ya zuwa," na ce mata. Gaskiya na faɗa. Ta matsa ta ba ni hanya.

Abin da ban iya gaya mata ba shi ne, ba kuɗin da ne suke fitar da ni ba. In na sa abin kunnen nan ba wanda yake mini magana. Ba in yi tunani, ba in amsa gaisuwa, ƙafa kawai take tafiya hannu yana shara. In na'urar ta yi kuka in durƙusa, in ta yi shiru in wuce.

Da fili ya soma ƙare mini a Kazaure sai na riƙa shiga mota. Na je wani kufai kusa da Roni, inda aka ce an taɓa yin gari aka tashi. Ba abin da ya rage sai kukoki da fasassun katanga na tukwane. Na samo kan kibiya da wani munduwa da ya karye. Sai kuma mutumin Babura ya ce in zo garinsu, zai kai ni inda ake cin kasuwa a da kafin a mayar da ita bakin titi.

Fili ne fetal mai yashi, an yi noman gero an girbe. Ina tafe ina shara yana biye da ni. Na zame abin kunnen daga kunne ɗaya don kada ya ga kamar na yi banza da shi. Ban tambaye shi komai ba, shi ne ya fara.

"Lokacin da muka isa Jado, zinaren saman ƙasa ya ƙare, Yaya. Waɗanda suka riga mu sun tsince shi tas. Wata da watanni ƙanenka yana yawo da na'urar nan a rana, ba abin da take nuna masa sai gwangwanin kifi da kwanson harsashi. Da guzuri ya ƙare sai ya naɗe ta a bargo, ya shigo rami tare da mu."

"Ya taɓa samun zinaren kuwa?"

"Sau ɗaya. Bai fi ƙwayar dawa ba. Ruwan sha muka saya da shi."

Ya ci gaba. Ya ce ranar da abin ya faru shi yana sama yana jan igiya. Ba wata ƙara mai yawa da aka ji, ƙasa ce kawai ta zauna. Da hannu suka yi ta tono. Ya ce da suka fito da shi ba rauni a jikinsa, kamar mai barci, sai yashi cike da kunnuwansa. Yana cikin faɗar haka na'urar ta yi siririn kuka a ɗaya kunnen nawa. Na durƙusa na tona. Wani tsohon kuɗin Faransa ne, shi ma da huda, irin wanda fataken ƙetaren iyaka suke zuwa da shi kafin sefar yanzu. Na goge shi sosai. Da na ɗago kai sai na ga mutumin ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Na miƙa masa kuɗin. Ya karɓa ya riƙe. Muka zauna a kan kunya har ya gama, sannan muka je muka sha fura a tasha.

Inna ta ji labarin yawon da nake yi. Ta ce in kawo mata abin ta gani. Na kai ta ɗakinta na kunna. Ta karɓi abin kunnen ta jujjuya shi. Soson da ke jikinsa ya sha gumi ya yi baƙi, kuma ba gumina ne kaɗai ba. Ta kai shi hanci, sannan ta ɗora a kan ɗankwalinta. Na kawo faifan kusa da ƙafar gadonta na ƙarfe, ta yi gurnani. Na ajiye kwabo a ƙasa na bi ta kansa, ta yi siririn kukan.

"Wannan kukan ya yi ta saurare ke nan a can?"

"Shi ne, Inna."

Ta daɗe tana ji. Sannan ta cire ta miƙo mini.

"Fitar mini da ita daga ɗaki."

Da damina ta yi nisa aka yi ruwa mai yawa, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a ƙauyuka. Wani abokin aikina ɗan wajen Gwiwa ya same ni a ofis. Ya ce ɗakin gwaggonsa ya faɗi, Allah ya sa tana waje. Amma 'yan kunnenta na zinare, waɗanda ta sayo a Makka, suna ƙulle a tsumma cikin wani ɗan rami a jikin bango, yanzu ƙasa ta binne komai. Sun tona sun gaji, tsohuwar ta daina cin abinci. Ya roƙe ni in je.

Muka je a kan babur ɗinsa, muna ratsa taɓo. Ɗakin ya zama tudun jar laka da azara. Tsohuwar tana zaune a kan turmi tana nuna mini da sanda inda gadonta yake da inda bangon gabas yake. Na'urar ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, don ɗakin tsohuwa cike yake da ƙarfe. Muka fito da murafen kwanuka, da fitilar ƙwai, da almakashi, da kwaɗo da makullinsa. Sai wajen azahar, can gefen da ruwa ya ja laka ya tara, na ji wani sauti mai laushi da ban taɓa ji ba. Na dama lakar da hannu. Ɗan kunne ne guda ɗaya, tsumman ya ruɓe ya rabu da shi. Muka nemi ɗan'uwansa har la'asar ba mu gan shi ba.

Tsohuwar ta riƙe shi a tafin hannu tana ta sa mini albarka. Mata suka yi guɗa. Ni kuwa bayana ne yake ciwo, kuma ina tunanin yadda za mu koma kafin hadari ya haɗu. Shi ne zinare na farko kuma na ƙarshe da na'urar ta nuna mini.

Labarin ɗan kunnen nan ya zaga, kuma kafin ya kai Roni ya riga ya ƙara girma. Ba a daɗe ba wani saurayi ya zo gidana tare da mahaifinsa, wani dattijo mai sayar da gyaɗa a kasuwar Roni. Saurayin ya ce ya ji na'urar tana aiki, yana so ya saya. Ya sayar da shanun huɗarsa, bayan girbi zai tafi Jado.

Na ce su ba ni lokaci. Na je na sami matar ƙanena, ta gama takaba, tana wanki a tsakar gidan Inna. Na gaya mata an sami mai saye.

"A sayar, Yaya."

"Can zai tafi da ita."

Ta matse rigar da ke hannunta ta jefa a bokiti.

"In ba mu sayar masa ba a Agadas zai sayi wata. Yaran nan kuma abinci suke ci."

A filin makaranta na gwada masa ita. Na koya masa yadda aka koya mini: faifai dab da ƙasa, dama da hagu, a hankali. Hannunsa yana da sauri, na yi ta cewa ya rage. Ya tono murfin kwalba ya yi dariya kamar ya tsinci wani abu. Mahaifinsa yana tsugune a inuwa yana kallonmu.

Da ya cire abin kunnen na gaya masa abin da mutumin Babura ya gaya mini, ban rage komai ba. Na saman ƙasa ya ƙare. Mai na'urar nan gwangwani ya yi ta tonowa, daga ƙarshe ya ajiye ta ya shiga rami, kuma a ramin ya rasu. Ina faɗa ina jin muryata kamar ta mai karanta sanarwa a rediyo.

"Na ji labarinsa, Yaya. Allah ya jiƙansa," in ji saurayin. "Amma an ce an sami sabon wuri gaba da can. Kuma a nan ɗin ma ai ana mutuwa."

Na dubi dattijon.

"Na gaya masa, Malam," ya ce, idonsa a ƙasa. "Uwarsa ma ta gaya masa."

A zauren kawunmu aka yi ciniki a gaban shaidu, kuɗin suka tafi hannun kawu don rabon gado. Saurayin ya naɗe na'urar ya rungume ta a bayan acaɓa, mahaifinsa ya hau wani, suka tafi.

Asabar ta zagayo na farka da wuri kamar yadda na saba. Na dawo daga masallaci na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Da gari ya waye sosai na cire su na kwanta. Haka na yi ta yi har jikina ya daina tashina. Gwangwanin madarar kuwa yara suka gano shi, suka riƙa wasan 'yar kasuwa da abin da ke ciki. Ban hana su ba. Sannu a hankali kuɗin suka watse a tsakar gida, wasu shara ta kwashe.

Bayan watanni wani aikin ofis ya kai ni Roni ranar kasuwa. Ina ratsa layin 'yan gyaɗa wani ya kira ni, Malam, Malam. Dattijon ne, yana zaune a bayan buhunsa da kwanon awo a hannu. Muka gaisa. Na tambaye shi labarin ɗansa.

"Ya kira daga Agadas, ya ce washegari za su shiga mota. Tun daga nan ba mu sake jinsa ba. Amma an ce can sai an hau dutse ake samun waya."

"Haka ne, Baba."

Ya ɗebi gyaɗa ya zuba a kwano, ya share bakinsa da tafin hannu, ya sake juye ta a buhu.

"Na'urar dai lafiyarta ƙalau ko, Malam?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

Ya gyaɗa kai. Wata mata ta tsaya tana taya gyaɗar, ya juya wurinta. Na wuce na sayi albasar da matata ta ce in taho da ita, na tafi tasha na jira mota ta cika.